Tsakanin Bakin Mawaƙi da Kunnen Mai Saurare

Duk wanda ya taɓa miƙa memorinsa ga masu tura waƙoƙi a Farm Centre ta Kano, ko a wata rumfar caji a bakin tasha, ya ce a zuba masa tsofaffin waƙoƙi, ya san abin da zan faɗa. Za a cika masa shi taf: Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya, Barmani Coge, ɗaruruwan waƙoƙi a cikin abin da bai fi farce ba. Ya koma gida ya kunna. Waƙar dai ita ce, baitocin na nan, amma kalangun ya koma kamar a cikin randa ake kaɗa shi, 'yan amshi sun cure sun zama murya guda, can ƙarƙashi kuma ga wani shuu da ɗan ƙyal-ƙyal kamar ruwa na bin kwata. Dattijon da ya ji waƙar a rediyo shekara arba'in baya zai girgiza kai ya ce ba haka take ba. Yaro kuwa sai ya ɗauka haka mutanen dā suke waƙa.

A can Japan da Jamus da Amurka kuma akwai masu kashe kuɗin mota a kan kayan sauraro na ɗaki guda. Suna musu a kan wane irin fayil ya fi fitar da numfashin mawaƙi, wace waya ta fi kai sauti ga lasifika ba tare da ta rage shi ba. Mu da su damuwarmu ɗaya ce: tsakanin bakin mawaƙi da kunnen mai saurare, a ina sautin yake zubewa? Masu bincike sun shafe fiye da shekara arba'in suna aunawa, kuma abin da suka gano bai yi wa 'yan kasuwa daɗi ba.

Yadda sauti ya zama lissafi

Sauti karkarwar iska ce. Kunnen matashi mai lafiya yana kama karkarwa daga sau 20 a daƙiƙa, wato rugugi irin na tambari, har zuwa sau 20,000, siririyar ƙara da ta fi ta sauro nesa. Shekaru na ja, saman yana zaizayewa. Mutum mai shekara hamsin da wuya ya ji abin da ya wuce 15,000.

Faifan garmaho da kaset suna ajiye kamannin karkarwar ne, ɗaya a tsagin roba, ɗaya a zaren maganaɗisu. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma kowa ya san halinsa: ka kwafa daga wani, a kwafa daga naka, kafin hannu na huɗu murya ta dushe, shuu ya yi yawa. Dijital ya bi wata hanya dabam. Na'ura tana auna tsayin karkarwar sau dubbai a daƙiƙa, ta rubuta kowane awo da lamba. Tun a 1928 Harry Nyquist ya share fagen lissafin, Claude Shannon ya tabbatar da shi a ƙarshen shekarun 1940: in ka auna fiye da ninki biyu na mafi siririn sautin da kake son kamawa, za ka iya mayar da karkarwar yadda take. Shi ya sa da Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982 suka tsaya a awo 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16. Wannan ya rufe duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, kuma ya ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin mafi raunin sauti da mafi ƙarfi.

Matsalar CD nauyi ce. Kilobit 1,411 yake ci a daƙiƙa, wato kusan megabait goma a minti. Waƙar minti goma ta haura megabait ɗari. A zamanin da intanet ke rarrafe ta wayar tarho, wannan kaya ne da ba ya ɗaukuwa.

Rariyar da aka saƙa a Erlangen

A cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen ta Jamus, Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa suka tunkari abin ta fuskar kunne. Kunne ba ya jin duk abin da ya shige shi. In janareta na ruri, ba ka jin tafiyar agogon bango, alhali agogon bai tsaya ba. Babban sauti yana danne ƙaramin da ke kusa da shi, har ma yakan danne wanda ya biyo bayansa da ƙiftawar ido. To me zai sa a ɓata wuri wajen ajiye abin da ba za a ji ba? MP3 na'urar tankaɗe ce: tana duba kowane ɗan yanki na waƙa, ta kintaci abin da kunne ba zai kama ba, ta watsar. An wallafa tsarin a 1993, aka raɗa wa fayil ɗin suna .mp3 a 1995. A kilobit 128, waƙa tana komawa kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na nauyinta.

Abin da ya fi ba su wuya muryar mutum ce tsurarta. Brandenburg ya yi ta maimaita sauraren waƙar Suzanne Vega mai suna Tom's Diner, wadda ta rera ba kiɗa, domin a nan tsarin ya fi tona kansa: babu gangar da za ta rufe kuskure. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don mafi yawan abin da muke saurare murya ce. Karatun Alƙur'ani, tafsiri, waƙen baka, rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba kiɗa, duk a fili suke.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin tambaya shi ne girman hujin. A kilobit 64, kowa zai ji ɓarnar. A 128, galibi ana yanke duk abin da ya haura karkarwa 16,000, kuma sautuka masu kaifi da sauri, irin tafi da kuge da caki da bugun ƙwaryar amada, sukan fito a jiƙe, kamar an shafa musu hannu kafin su bushe. Amma daga 192 zuwa sama hujin yana tsukewa sosai. A 256 ko 320, in an matse da manhaja mai kyau daga tushe mai tsabta, akasarin mutane, har da injiniyoyin situdiyo, sukan kasa bambance shi da CD muddin ba a gaya musu wanne ne ke tafiya ba. Tsare-tsaren da suka biyo baya sun fi MP3 iya tankaɗe. AAC na 1997, wanda Apple ya rungume, da Opus na 2012, wanda saƙon murya na WhatsApp ke tafiya a kansa, suna ba da sauti mai kyau da ƙaramin nauyi. Akwai kuma FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001. Shi ba ya zubar da komai. Ninke kayan kawai yake yi kamar yadda ake ninke shadda a akwati, ya rage nauyi zuwa wajen rabi, in an buɗe ta dawo ba zare ɗaya da ya ɓata.

Gani ya kori ji

Da CD ya tsufa, kamfanoni suka nemi sabon abin sayarwa. A 1999 Sony da Philips suka kawo SACD, bayansa DVD-Audio ya biyo, daga baya kuma fayiloli masu awo 96,000 ko 192,000 da bit 24. Alƙawarin shi ne za ka ji kamar mawaƙin na zaune a ɗakinka.

A 2007 Brad Meyer da David Moran suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Suna kunna wa mutane faifai mai babban awo, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci su bi da shi ta na'urar da ke sauko da shi matakin CD, ba tare da mai saurare ya san wanne ba ne. A gwaji 554, an canka daidai sau 276. Kusan rabi ke nan, abin da jefa kwabo sama zai bayar. An soki gwajin, musamman cewa wasu faifan da aka yi amfani da su tushensu tsohon ɗauka ne. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya haɗa lissafinsu, ya samu cewa ana canka daidai kusan kashi 52 cikin ɗari, kuma waɗanda aka horar sun fi haka. Bambancin yana nan ke nan, amma siriri ne ƙwarai, ba irin wanda talla ke kururutawa ba. Mawaƙi Neil Young ya tara sama da dala miliyan shida a hannun masoya a 2014 don ƙera na'urar Pono mai kunna irin waɗannan fayiloli. Zuwa 2017 kasuwarta ta watse.

Lissafin ma ya isa hujja. Ɗaki mai shiru yana da hayaniyar da ta kai desibel 30. Ɗora 96 na CD a kai, ka kai 126, ka wuce inda kunne ke fara zafi. To ina mutum zai kai 144 na bit 24? A situdiyo yana da amfani, don yana ba injiniya sarari ya ɗauka ya gyara ba tare da ya tara datti ba. A falo kuwa, inda fanka ke juyawa, janaretan maƙwabci na ruri, babur na wucewa, ko rabin abin da CD ke iyawa ba a mora.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na 2022 ne. Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya yi suna wajen buga faifan garmaho masu tsada, waɗanda masu saye suka yi imani daga zaren asali aka yanko su kai tsaye, dijital bai taɓa su ba. Masana sauraro sun yi shekaru suna yaba ɗuminsu da zurfinsu, suna kafa hujja da su cewa dijital ba zai taɓa kamo wannan ba. Sai ta bayyana cewa kamfanin ya daɗe yana juye zaren zuwa dijital tukuna kafin ya yanka faifan. Magana ta kai kotu, aka sasanta da biyan diyya. Faifan nan suna da daɗi, wannan ba ƙarya ba ce. Daɗin daga ƙwarewar injiniyoyin da suka yi aikin ya fito, kuma kunnuwan da suka fi kowa gogewa ba su ji dijital ɗin da ke ciki ba.

Mu mukan ce gani ya kori ji, muna nufin shaidar ido ta fi labari. A wannan fage maganar ta zama gaskiya ta wata fuska. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman suka sa ma'aikata su ba lasifikoki maki, sau ɗaya suna kallonsu, sau ɗaya a bayan labule. Da ido na gani, manyan masu sheƙi da tsada suka kwashe maki. Da aka saki labule, tazarar ta tsuke, kuma inda aka ajiye lasifikar a ɗakin ya riƙa sauya makin sosai, abin da masu sauraren ba su kula da shi ba lokacin da suke kallo. Wannan ba wauta ba ce, haka aka halicci ƙwaƙwalwa: abin da ido ya gani da abin da aljihu ya biya suna shiga cikin abin da kunne ke ji. Akwai kuma tarkon ƙara. In aka kunna abu biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi ko da kaɗan, kusan kowa zai ce mai ƙarfin ya fi cika, ya fi tsabta. Mai shagon da ya san aikinsa ya san wannan, ko bai taɓa karanta shi a littafi ba.

Wannan tarkon ne ya haifi gasar ƙara a situdiyo. Tun daga shekarun 1990 ake ta danne waƙoƙi, a ɗago raunanan wurare a daddatse masu ƙarfi, don kowace waƙa ta fi ta gabanta tsawa a rediyo. Kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica a 2008 ya zama abin misali: masoyansu suka gano cewa waƙoƙin da aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na CD daɗin ji, don ba a danne su haka ba. Ka saurari yawancin waƙoƙin finafinanmu da na siyasa, za ka ji ciwon nan: daga farko har ƙarshe a ƙure, ba hawa ba sauka, kunne ya gaji kafin baiti na uku. Ko a wane irin fayil ka zuba irin wannan waƙa, a danne za ta fito.

Lasifika da ɗaki

In mutum na da kuɗin da zai kashe, ga inda ya kamata su tafi. Ɓangaren da ke mayar da lamba sauti a waya ko kwamfuta mai matsakaicin kyau, kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Amfilifaya mai lafiya, in ba a ƙure ta ba, haka take. Lasifika kuwa takarda ce ko roba da maganaɗisu ke turawa gaba da baya, kuma kuskurenta a wajen rugugi yakan ninka na sauran kayan sau ɗari. Bayan ta kuma ga ɗaki. Gidajenmu na yanzu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga. Sauti na fita ya daki bango ya dawo ya haɗu da ɗan'uwansa, magana ta cakuɗe. Rugugi yakan taru a kusurwa ya ɓace a tsakiyar ɗaki, bambancin ya kai desibel goma ko fiye tsakanin kujera da kujera. Babu wani fayil da zai kawo canjin da ya kai wannan.

Maganin ba shi da tsada. Darduma ko kafet a ƙasa, labule mai kauri, kujerun kushin, kantar littattafai. A janye lasifika daga kusurwa, a ɗaga ta daidai kunnen mai zama, a raba biyun yadda tazararsu za ta yi daidai da nisansu da kujera. Na sha shiga falo na ga lasifika biyu a jingine da juna a ƙarƙashin talabijin, ɗaya ma ta juya wa mutane baya, mai gidan kuma yana shirin sayen wata babba.

A yi hattara da lambar da ke jikin kwali. Za ka ga an rubuta wat 5,000 da manyan baƙaƙe, a gefe an sa PMPO. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita. Kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Juya bayan na'urar ka duba wutar da take ja. Abin da ke shan wat 60 daga soket ba zai yi ta fitar da 5,000 ba. Lambar RMS ita ce abar dubawa. Kuma ninka wat sau biyu desibel uku kacal yake ƙarawa. Sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙarar ta ninku. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bluetooth ma rariya ce. Duk abin da waya ta tura wa lasifika ko abin kunne ta wannan hanya, sai ta sake matse shi, ko da SBC da kowace na'ura ke da shi, ko da AAC, aptX, ko LDAC na Sony mai kaiwa kilobit 990. Wanda ya ƙona data ya sauke FLAC sannan ya saurara ta Bluetooth a 'yar lasifikar aljihu, bai ji FLAC ba. Ba laifi ba ne, sautin na iya yin daɗi, amma gara ya san abin da ya biya. Sai kunnen kansa, wanda ba a sayar da sabo a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar da babba zai jure lafiya ita ce desibel 80 na awa 40 a mako, kuma matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Wanda ya kwana kusa da lasifikar gidan biki ya tashi kunnensa na ƙugi, ya riga ya biya wani abu da ba a mayarwa.

To ina kalangun Shata ya tafi?

Mu koma kan memorin nan. Mutane da yawa sun ɗauka turawa daga waya zuwa waya ce ke cinye sauti, kamar yadda kwafar kaset ke yi. A'a. In ka tura fayil ta Xender ko ka kwafa a memori, lambobin nan suna isa yadda suke, ko sau dubu aka tura. Ɓarnar a wajen juyi take. Wani ya samu kaset da ya riga ya bi hannu biyar, ya kunna a rikoda mai dattin kai, ya kara waya a bakin lasifika ya ɗauka. Wani ya matse zuwa kilobit 64 don waƙa dubu ta shiga memori ɗaya. Wani ya manna hoto ya ɗora a YouTube ko Facebook, can aka sake matsewa. Wani ya sauko da ita ya mayar MP3. Kowane juyi tankaɗe ne a kan tankaɗe, kuma rariya ta biyu ba ta san abin da ta farko ta zubar ba. A ƙarshe wani ya juya ta zuwa 320, ya rubuta "orijinal" a jiki. Nauyin ya ƙaru, abin da ya zube bai dawo ba.

Ba na raina wannan hanya, don ta yi aikin da kamfanonin faifai ba su yi ba. Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008. Waƙoƙin suka bi wayoyi da memori suka ratsa Sahara har Kidal ta Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya ci karo da ɗaya, ya sa ta a tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones. Yau Mdou yana wasa a manyan dandamalin Turai da Amurka. Matsattsen fayil ne ya kai shi. Amma shi yana raye, yana iya shiga situdiyo gobe ya sake ɗauka. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Abin da aka ɗauka na muryarsu shi ke nan, ba ƙari.

Tushen yana kan zare: a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo irin na Kaduna da ya fara aiki tun 1962, a jami'o'i, a hannun tsofaffin 'yan kaset na Ƙofar Wambai, a akwatunan iyalan mawaƙa da na waɗanda aka yi wa waƙa. Zaren maganaɗisu ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura, mu kuwa duka ukun muna da su. Na'urorin kunna manyan zarurruka sun yi ƙaranci, masu gyaransu na tsufa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, suka yi shelar gargaɗi cewa lokacin ceto abin da ke kan zare ya kusa ƙurewa. Nan ne babban awon da na ce ba shi da amfani a falo yake da amfani na gaske. Masu adana sauti suna ba da shawarar a juye da awo 96,000 da bit 24, a fayil ɗin WAV da ba a matse ba, domin sau ɗaya ake samun damar, kuma masu gyara na gaba za su zo da dabarun da ba mu da su yau.

Wanda ke da tsohon kaset a gida yana iya farawa. A samu rikoda mai lafiya, a goge kanta da auduga da sifirit, a haɗa ta da kwamfuta da waya, ba a kara makirufo a bakin lasifika ba. A saita ƙarfin yadda ba zai ƙure ba. Kada a goge shuu, kada a ƙara rugugi, a bar shi yadda ya fito. In za a yi gyara, a yi a kan kwafi. A rubuta sunan mawaƙi da waƙa da duk abin da ke jikin kwalin, a ajiye a wuri biyu dabam-dabam, sannan a matso MP3 daga ciki a raba wa jama'a. Kaset na minti 60 a wannan awo yana cin kusan gigabait biyu. Memori mai gigabait 32, irin wanda ake miƙa wa masu turi a bakin tasha, zai ɗauki kaset goma sha biyar.